Cin Abincin Tsirrai Zalla: Manhajoji Da Shafukan Intanet Da Za Su Amfani Mazaunin Azare Da Katagum

Rage cin nama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katagum, sai dai ba kasafai ake ba shi suna ba. Wani likita ne ya umarce shi da ya nisanci jan nama da kitse saboda hawan jini ko ciwon zuciya, wani kuma tsada ce ta raba tukunyarsa da tsoka. Ban da waɗannan, gari irin Azare, mai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021 da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga kuma jami'ar jiha a Gadau, yana karɓar ɗalibai da malamai da masu yi wa ƙasa hidima daga sassa daban-daban, kuma a cikinsu ana iya samun wanda ya zaɓi tsarin da ake kira vegan da Turanci.

Mai bin wannan tsari ba ya cin nama ko kifi ko ƙwai, ba ya shan nono ko madara, ba ya taɓa man shanu, har zuma ma yana barin ta. Kalmar ta samo asali ne a Ingila a watan Nuwamban 1944, lokacin da Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar The Vegan Society. Dalilinsu na farko shi ne tausayin dabbobi. Daga baya ne batun lafiya da na muhalli suka shigo. Ga Musulmi, barin nama don lafiya ko don zaɓin kai daban yake da ɗaukar sa a matsayin haramun, kuma wannan bayani bai shafi hukuncin addini ba. Abin da ya shafa shi ne yadda wanda ya bar abincin dabba, ko ya rage shi ƙwarai, zai yi amfani da wayarsa don kada jikinsa ya tauye.

Akasarin manhajojin da suka yi suna a wannan fanni an ƙirƙire su ne domin mutumin Turai ko Amurka, wanda matsalarsa ita ce inda zai samu abin da zai ci. Mutumin Azare ba shi da wannan matsalar. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne amfanin gonar yankin, fadamun kogin Jama'are kuma suna ba da kayan lambu. Ƙosai, ɗanwake, awara, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale ko na rama, kunun gyaɗa da tuwo da miyar kuka duk daga tsirrai suke a asalinsu. Tambayoyin da suka dace da shi biyu ne: me ya ɓuya a cikin abin da ya saya, kuma me jikinsa ke rasawa ba tare da ya sani ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace manhaja.

Manhajar neman gidan abinci

HappyCow ita ce mafi shahara. Eric Brent ne ya kafa ta a 1999 a matsayin shafin intanet, kuma aikinta shi ne nuna gidajen abincin da ke dafa na tsirrai a kusa da inda mutum yake. Abin da take nunawa a Najeriya ya fi karkata ga manyan birane irin su Legas da Abuja. A Legas ɗin ne Hakeem Jimo ya buɗe Veggie Victory a 2013, gidan abincin da ake ɗauka na farko irinsa a ƙasar. Matafiyi zai amfana da ita, amma mazaunin Azare ko Gamawa ko Shira kada ya sa rai da yawa. Mai suyar awara a bakin titi ba ta cikin taswirar kowa, kuma tambayar da za a yi mata baki da baki ta fi kowace manhaja amfani: an tsoma wannan a ruwan ƙwai kafin a soya?

Irin wannan tambaya tana da wurare da yawa. Akan sa kifi ko ƙwai a alale. Miyar kuka ko ta kuɓewa na iya zama da busasshen kifi ko romon ƙashi ko da ba a ga tsoka ba. Akan zuba man shanu a kan tuwo ba tare da an tambayi mai ci ba, domin karramawa ce. Fura kuwa tsirrai ce zalla har zuwa lokacin da aka dama ta da nono.

Karanta abin da ke cikin leda da gwangwani

Ga kayan kanti, manhajar da ta fi dacewa ita ce Open Food Facts, wadda Stéphane Gigandet ya ƙaddamar a Faransa a 2012. Kyauta ce, kuma 'yan sa-kai ne ke cika rumbun bayananta. Ana haska kyamarar waya a kan baƙaƙen layukan nan da ke jikin kaya, sai ta fito da jerin abubuwan da aka haɗa, tare da nuna ko akwai na dabba a ciki. Rauninta a nan shi ne kayan da ake sarrafawa a Kano ko Legas ba lallai ne wani ya riga ya shigar da su ba. Idan ba ta gane kaya ba, mai waya na iya ɗaukar hoton ledar ya ɗora, wanda zai zo bayansa ya amfana.

Ko babu manhaja, akwai lambobi kaɗan da suka cancanci a haddace. E120 jan launi ne da ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro. E904 ƙaro ne da wani ƙwaron ke fitarwa, ana shafa shi a alewa don ta yi sheƙi. Jelatin, wanda ke cikin alewa mai danƙo da kwanson wasu magunguna, daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, saniya ko alade ko kifi. E471 da E631 kuwa suna iya fitowa daga tsiro ko daga dabba, kuma lambar kaɗai ba ta bayyanawa. Na biyun yana yawan fitowa a dunƙulen ɗanɗano da garin miyar taliyar leda. Wannan sani yana yi wa mai neman halal aiki shi ma, amma da sharaɗi: tambarin vegan na nufin babu abin dabba ne kawai, bai ce babu barasa ba.

Kayan da ke shigowa ta Nijar sukan zo da rubutun Faransanci, wasu kuma da Larabci. Google Translate, wadda ta fara fassara zuwa Hausa a 2013, tana iya karanta rubutun jikin kwali ta kyamara. Fassarar takan yi tuntuɓe a dogon zance, amma tana gane kalmomi irin su madara da ƙwai.

Lissafin abin da jiki ke samu

A nan ne waya ta fi yin amfani, a nan ne kuma ta fi iya yaudarar mai ita. Cronometer, manhajar wani kamfani na Kanada, tana karɓar abin da mutum ya ci a yini ta lissafa masa furotin da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin iri-iri. Da Turanci take, kuma ba a tsara ta da tuwon dawa ko ɗanwake a zuciya ba. Mafita ita ce a shigar da girkin ta hanyar kayan haɗinsa, a adana shi sau ɗaya: wake a neme shi da sunan cowpea, dawa da sorghum, gero da millet. Sannan manhajar giram ta sani, ba mudu ko gwangwani ba, don haka ana buƙatar ƙaramin sikeli, ko da na aro ne, a auna abin da aka saba ci sau ɗaya a riƙe adadin.

Misalin yaudarar shi ne awara. Idan aka neme ta da sunan tofu, manhajar kan kawo irin wadda ake daskarar da ita da gishirin kalsiyam a masana'antun waje, mai ɗauke da kalsiyam mai yawa. Awarar gida da aka haɗa da ruwan tsami ko tsamiya ba ta samun wannan ƙarin. Mutum sai ya ga allon waya ya nuna masa ya cika buƙatarsa alhali bai cika ba. Haka nan kanwa, wadda ake sa wa ɗanwake da dahuwar wake, tana ƙara sodiyam a jiki kamar yadda gishiri ke yi, kuma da wuya mai lissafi ya tuna ya shigar da ita. Wanda ya bar nama saboda hawan jini ya kamata ya lura da wannan fiye da kowa.

Don gyara irin waɗannan kurakurai akwai madogara biyu da suka san abincin yankin. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na 2019, da Turanci da Faransanci, mai ɗauke da abinci fiye da 1,000, ciki har da ganyen kuka da zogale da daddawa, kuma ana sauke shi kyauta daga shafinta. Akwai kuma jadawalin abincin Najeriya na 2017 da masana a Jami'ar Ibadan suka jagoranci haɗawa. Ba su da ƙyalƙyalin manhaja, jerin alƙaluma ne kawai, amma da zarar an sauke su ba sa cin data.

Abin da waɗannan alƙaluma ke nunawa game da furotin yana kwantar da hankali. A kowane giram 100 na busasshen waken soya akwai furotin sama da giram 30, a gyaɗa kusan 25, a wake kuma sama da 20. Hatsi yana da ƙarancin wani sashe na furotin da ake kira laisin, wake kuma yana da shi a wadace, saboda haka koko da ƙosai ko shinkafa da wake haɗi ne da ya cika. Sinadarin ƙarfe na tsirrai ya fi wuyar shiga jiki fiye da na nama. Cin sa tare da lemo ko tumatir ko garin ƙwallon kuka na taimakawa, shan shayi a kan abinci kuma na ragewa.

Manhajar Daily Dozen ta shafin NutritionFacts.org, wanda likitan Amurka Michael Greger ya kafa a 2011, ta fi sauƙi: jerin abubuwa 12 ne da mutum zai riƙa yi wa alama kullum. Wake da hatsi da ganye da kabeji suna nan a kasuwa. Wasu 'ya'yan itatuwan ƙasashen sanyi da ke cikin jerin ba a samun su, kuma ba laifi ba ne a bar gurbinsu a ci gwaba da mangwaro da kankana da magarya a lokacinsu.

Bitamin B12

Wannan shi ne abin da ba a wasa da shi. Babu wani tsiro da za a dogara da shi wajen samun bitamin B12, duk kuwa da saƙonnin da ke yawo a WhatsApp suna jingina shi ga zogale ko daddawa. Har gansakukar nan ta sifirulina, wadda ake tattarawa a yankin Tafkin Chadi, akasarin abin da ke cikinta mai kama da B12 ne wanda jikin ɗan Adam ba ya amfana da shi. Baligi na buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana. Hanta na iya adana shi na shekaru, shi ya sa wanda ya bar nama da nono kan ji garau da farko, sai daga baya kasala da ƙarancin jini da jin jijiyoyin hannu da ƙafa suna tsira kamar allura su bayyana. Lahanin jijiya idan ya daɗe ba lallai ne ya warke gaba ɗaya ba. Masu ciwon suga da ke shan metformin sun fi shiga haɗari, domin maganin na rage shigar bitamin ɗin jiki.

Shafin The Vegan Society ya ba da shawara a sarari: ƙwaya mai aƙalla maikirogiram 10 kullum, ko mai 2,000 sau ɗaya a mako. A kula cewa wasu ƙananan ƙwayoyin bitamin B da ake sayarwa a kemis ba su ƙunshi B12 ba. A duba jikin kwalin a ga an rubuta cyanocobalamin. Kafin a biya kuɗi, ana iya shigar da sunan maganin ko lambar rajistarsa a Greenbook, rumbun bayanan hukumar NAFDAC da ke da shafi da manhaja, don tabbatar da cewa an yi masa rajista.

Duk waɗannan kayan aiki an yi su ne domin baligi mai ƙoshin lafiya. Mai juna biyu da mai shayarwa buƙatarsu ta B12 ta fi ta sauran mutane, kuma ƙarancinsa a jikin uwa yana shafar jariri ta nono. Game da yara masu wata 6 zuwa 23, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ce a riƙa ba su abincin dabba, nama ko kifi ko ƙwai, kowace rana. Iyalin da ke son cire waɗannan daga abincin ƙaramin yaro ko mai ciki sai su fara zuwa asibitin gwamnatin tarayya da ke Azare ko babban asibitin da ya fi kusa da su, a auna jini, a kuma tsara abincin tare da likita.