Albasar Galmi a Kan Tsohuwar Hanyar Gwanja

Daga watan Maris zuwa Mayu, manyan motoci kan tashi daga Galmi da Madawa da sauran garuruwan jihar Tawa a Nijar, maƙare da buhunan albasa, su nufi Kumasi da Ankara da Abijan da Kwatano. Masu nazarin tattalin arziki kan kawo wannan a matsayin shaidar cewa yarjejeniyoyin ECOWAS, wadda aka kafa a 1975, sun haifi ɗa mai ido. Tarihi bai goyi bayansu sosai ba. Cinikin ya girmi yarjejeniyar, ya girmi ma iyakokin da aka yi yarjejeniyar dominsu, kuma abin da ke riƙe da shi har gobe shi ne tsarin amana da fatake suka bari.

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan bar Kano da Sakkwato ƙarƙashin madugu, su yi wata da watanni kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro. Cikin kayan da jakuna ke ɗauka akwai kanwa da tufafi da jemammun fatu, akwai kuma gabu, wato busasshen ganyen albasa, domin ɗanyarta ba ta jure irin wannan tafiya. A can kuwa baƙo kan sauka wurin maigida, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Da Turawan Ingila suka karya lagon daular Asante a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwar suka gangara kudu, zanguna suka bunƙasa a Kumasi da Ankara. Wannan gadon ne mai albasa ya tarar. Yau ma ɗan kasuwa a Galmi kan ɗora wa direba kayan miliyoyi, ya kira maigidansa na Gana a waya, a sayar, kuɗi su dawo, sau da yawa ba tare da wata takardar da kotu za ta duba ba.

Za a ce ai iri da kwalta da mota ne suka yi aikin. Akwai gaskiya a ciki. A shekarun 1960 masu binciken noma na cibiyar IRAT ta Faransa suka tace irin da manoman kwarin Maggiya suka daɗe suna renonsa, ya fito da sunan Violet de Galmi, albasa mai yaji da jurewar ajiya. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta Nijar ta tura jama'a noman rani, karya darajar sefa da rabi a 1994 kuma ta sa albasar Turai ta yi tsada a bakin teku. Sai dai iri yana tafiya. Ana shuka na Galmi daga Senegal har Cadi, har ma wani kamfanin Senegal, Tropicasem, ya taɓa neman mallakar sunan a hukumar kare haƙƙin mallaka ta OAPI kafin Nijar ta yi tsaye ya janye. Duk da yaɗuwar irin, kasuwar Gana ba ta kuɓuce daga hannun mutanen Nijar ba, domin mai gona a wata ƙasa yana iya sayen iri a gwangwani, amma ba shi da maigida a zango.

Gwamnatoci kuwa an fi jin ɗuriyarsu a ranar da suka tare hanya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta fatattaki dubban 'yan kasuwa daga Gana. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Hukumomin Ankara sun tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya tsayar da motoci a iyakar Benin, albasa ta ruɓe a cikinsu, farashi ya yi tashin gwauron zabo a Gana. Kowane karo ciniki ya yi rauni, sannan ya sake hanya ya ci gaba, ko da ta Najeriya ce ko ta Burkina mai haɗari.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa wannan tsari na amana ya fi ƙosar da dillali da ɗan kasuwa, manomi kuwa sai wahala. Ba za a musa ba, musamman ga wanda ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa a hannun mai sayen amfaninsa. Amma tushen matsalar yana ga ajiya. Kowa na cire albasa lokaci guda, farashi ya faɗi warwas, kafin ƙarshen shekara kuma ya ninka sau da dama, daidai lokacin da albasar Holan ke cika kasuwannin Abijan. Manomin da ya zuba tasa a rudu, rumbun kara da ciyawa, yakan yi asarar kaso mai yawa saboda zafi da laimar damina, don haka ya gwammace ya sayar da wuri. Manoman Agadas, da ke noma tasu da damina su fito da ita wajen Oktoba, suna mu'amala da dillalan nan dai, amma sukan samu farashin da na Galmi ba ya gani a watan Afrilu.