Taimakon Fari na 1973 da Yadda Aka Raba Shi

Ƴan'uwa mutanen Kara-Kara, na gida da na ci-rani: Waiwaye adon tafiya ne.

Tun daga 1968 damina ta yi ta gazawa a ƙasar Nijar, har 1973 da fari ya kai matuƙa. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, mutanen karkara da makiyaya suka kwararo cikin Damagaram neman abin sawa a baka. Ƙasashen waje suka aiko da taimako, har da dawa daga Amurka. Amma isowar buhu ƙasa daban, isowarsa hannun mai yunwa daban.

A lokacin jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasa, wato RDA ta Shugaba Jori Hamani, don tun 1959 aka haramta Sawaba. Saboda haka rabo ya bi ta hannun manyan jam'iyya da na gwamnati. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Wasu suka ɓoye hatsin, wasu suka kai shi kasuwa. Unguwa irin tamu, wadda asalinta wurin da aka keɓe wa masu ciwon kuturta ne a bayan gari, wa take da shi a sama da zai tuna da ita?

Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka hamɓare gwamnati. Saini Kunce ya ce cin amanar taimakon nan yana cikin dalilansu. Ya kuma ce an tara hatsi fiye da tan 3,000 a sito ana jiran ya yi tsada, ya gaya wa shugaba, ba a yi kome ba. Daga nan soja suka karɓi aikin rabo.

Yunwa ta dawo a 1984, ta sake dawowa a 2005, ba mu kuma da tabbacin ta tafi ke nan. Ruwan sama na Allah ne, amma tiyar awo a hannun mutum take.

Don haka ga shawararmu. Mu rubuta sunayen gidajenmu da kanmu tun kafin buƙata, gwauraye da marayu da naƙasassu a gaba. In taimako ya zo, a ƙirga buhuna a gaban dattawa, a auna da rana tsaka, kada a tambayi kowa jam'iyyarsa. Ku kuma da ke Kano da Legas, ku riƙa tambayar abin da aka kawo da wanda ya samu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.