Tarihin Na'urar Da Ke Shinshinar Hayaƙin Mota

Wani mai sauraronmu daga Giwa, ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto yana cewa motarsa 'yar Beljiyam ta koma shan mai ba ji ba gani, ga baƙin hayaƙi, bakanike kuma ya ce wai "sansa" ce ta mutu. Shin mece ce sansa, kuma yaushe ta shigo mota?

To malam, labarin ya faro ne daga Amurka. Hayaƙin motoci ya addabi birnin Los Anjalis har idanun jama'a na yaji, sai gwamnatin ƙasar ta tsaurara dokar tsabtace iska a 1970. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera wannan na'ura, Volvo na Suwidin kuma ya fara sa ta a mota a 1976 saboda kasuwar jihar Kalifoniya. A lokacin mu nan Peugeot 504 ake yayi, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, mai kafireta, wadda bakanike ke saitawa da kunne. Sai da motocin Kwatano suka cika gari sannan muka san sansa.

Ɗaure take a jikin salansa, kamar fulogi. Aikinta ta auna iskar oksijin da ta rage cikin hayaƙi, ta gaya wa kwamfutar mota, ita kuwa ta daidaita haɗin: kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. In ta mutu, sai kwamfuta ta koma cinke, ta yi ta kwarara mai. Kuɗin buhun masararka ke nan yake fita ta salansa!

Da can babban makashinta fetur mai dalma ne, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayarwa zuwa farkon 2006. Yau kuwa gurɓataccen mai ne, da injin da ke ƙona baƙin mai.

Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Kada ka yarda a canza sansa sai an jona. Ko lamba irin P0130 ta fito, a fara duba waya da hujin salansa, don su ma suna kunna fitilar injin. Lafiyayyar sansa irin ta da, in ta yi zafi, wutarta kan yi ta hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In ta tsaya cik, to, a sayo sabuwa.