Abin da doka ta tanadar wa iyalan mamaci: bayani ga mazauna Mubi da sauran sassan ƙasa

Idan aka tashi daga zaman makoki, masu ta'aziyya suka koma garuruwansu, abin da ke rage wa iyali shi ne tunanin abinci, kuɗin haya da kuɗin makarantar yara. A nan ne akan ji tambayar ko gwamnati tana ba da wani abu. Amsar a taƙaice ita ce, babu wani kuɗi da Gwamnatin Tarayya ke biyan kowane iyali don kawai an yi musu rasuwa. A Birtaniya akwai tallafin da ake bai wa wanda matarsa ko mijinta ya rasu, wanda aka sabunta tsarinsa a watan Afrilun 2017, a Amurka kuma hukumar jin daɗin jama'a tana biyan dala 255 sau ɗaya. A Najeriya abin da iyali za su samu ya rataya ne a kan irin aikin da mamacin yake yi, kuma mafi yawansa haƙƙinsa ne da doka ta ajiye masa, wanda ba ya fitowa sai an nema da takardu.

Mubi gari ne da ya tara kowane rukuni. Akwai ma'aikatan tarayya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai na jiha a Jami'ar Jihar Adamawa, akwai na ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ga ma'aikatan bankuna, sojoji, 'yan sanda da jami'an kwastan da ke aiki kusa da iyakar Kamaru. Sai kuma mafi rinjaye: manoma, makiyaya da 'yan kasuwa da ba sa karɓar albashi daga kowa. Kowane rukuni da ƙofar da iyalansa za su ƙwanƙwasa.

Ma'aikacin tarayya ko na kamfani da ya rasu yana bakin aiki

Dokar Gyaran Fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ita ce ginshiƙi a nan. Ta shafi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da na kamfanoni masu ma'aikata 15 ko fiye, kuma Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ke sa ido a kanta. Ƙarƙashin dokar, iyalan ma'aikacin da ya rasu suna da haƙƙi iri biyu, waɗanda ake yawan ɗauka abu ɗaya ne alhali hanyoyinsu daban.

Na farko shi ne kuɗin da ke cikin asusun fanshonsa. Duk wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, ma'aikatarsa ta ƙara aƙalla kashi 10 cikin ɗari, a zuba a asusun da ke hannun kamfanin kula da fansho da ya zaɓa. Abin da ya taru, da ribar da ya haifar, na magada ne. Idan mamacin ma'aikacin tarayya ne da ya kama aiki kafin tsarin ya fara a 2004, akwai kuma haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda gwamnati ke lissafawa ta zuba a asusun.

Na biyu shi ne inshorar rai ta rukuni. Doka ta wajabta wa kowace ma'aikata ta yi wa ma'aikatanta inshorar da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsu na shekara ba. Alal misali, wanda albashinsa na shekara ya kai naira miliyan 1 da dubu 200, inshorarsa ba za ta gaza naira miliyan 3 da dubu 600 ba. Ma'aikata ce ke biyan kuɗin wannan inshora, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci, shi ya sa da yawa ba su ma san da ita ba, balle iyalansu. Dokar ta kuma toshe wata kafa: idan ma'aikatar ta yi sakaci ba ta biya kamfanin inshora ba har ma'aikaci ya rasu, ita ce za ta biya iyalan daga aljihunta. Don haka cewa "ba mu sabunta inshora bana ba" ba hujja ce ta hana iyali haƙƙinsu ba.

Ban da waɗannan, wanda ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na Asusun Gidaje na Ƙasa, kuma babu bashin gida a kansa, iyalansa na iya neman Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ya mayar musu da abin da ya tara.

Takardu, da batun wanda aka rubuta sunansa

Mafi yawan jinkirin da iyalai ke fuskanta daga takardu yake tasowa. Al'adarmu ce a gaggauta jana'iza, musamman a gidajen Musulmi, kuma wanda ya cika a gida sau da yawa akan kai shi makwancinsa ba tare da wani likita ya rubuta komai ba. Sai bayan watanni, idan an je neman haƙƙi, a ce a kawo shaidar rasuwa.

Abin da aka saba nema shi ne takardar asibiti mai bayyana dalilin rasuwa, takardar rajistar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, rahoton 'yan sanda idan haɗari ne, wasiƙa daga ma'aikatar mamacin, da katin shaidar masu nema da hotunansu. Rajistar mutuwa wajibi ce bisa dokar 1992 ta rajistar haihuwa da mutuwa, kuma hukumar tana da jami'ai a matakin ƙaramar hukuma, saboda haka ba sai an yi doguwar tafiya ta Hong, Gombi da Song zuwa Yola don ita ba.

Takardar da ta fi kowace nauyi ita ce ta kotu. Kamfanin fansho ba zai saki kuɗin asusu ba sai ya ga wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu. A jihohin Arewa ana karɓar umarni mai hatimi daga kotun yanki ko babbar kotun yanki, wanda sauƙi ne ga iyalan da za a raba musu gado bisa shari'ar Musulunci. Yana da kyau a tabbatar an ambaci asusun fanshon da sunan kamfanin a cikin takardar, domin idan asusun banki da gona kaɗai aka lissafa, akan mayar da masu nema kotu su gyara.

A nan ne kuma ake samun rashin fahimtar da ta raba zumunci a gidaje da dama. A fom ɗin ɗaukar aiki akwai gurbin da a Turance ake kira next of kin, wanda mutane suka saba fassarawa da "magaji". Fassarar ce ta jawo rikicin. Wanda aka rubuta a wannan gurbi mutum ne da za a fara tuntuɓa idan wani abu ya faru, kuma rubuta sunansa bai mallaka masa kuɗin asusun fansho ba. Sau da yawa ma saurayi ne ya rubuta sunan yayansa ranar da ya kama aiki, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, bai koma ya canza ba. Kuɗin asusu dukiyar gado ce. Idan mamacin Musulmi ne, sai an biya bashi an zartar da wasiyya, sannan a raba, matar aure ta sami tumuni idan akwai 'ya'ya, ko rubu'i idan babu, kuma idan matan sun fi ɗaya wannan kason suke rabawa. Kuɗin inshorar rai kuwa dokar ta ce a biya wanda ma'aikacin ya ambata a matsayin mai cin gajiya. Abin da ke saukaka wa iyali shi ne ma'aikaci ya sabunta wannan suna duk lokacin da ya yi aure ko aka yi masa haihuwa.

Wanda ya ɓata ba a ga gawarsa ba

Wannan sashe ya fi shafar Mubi fiye da garuruwa da yawa. A ƙarshen watan Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin, jama'a suka watsu zuwa Yola, duwatsu da ƙetaren iyaka, har sai da aka ƙwato shi a tsakiyar Nuwamba. Akwai iyalai a yankin Arewa maso Gabas da har yau ba su ga nasu ba, a raye ko a mace, kuma babu likitan da zai rubuta shaidar rasuwar wanda bai gani ba.

Dokar 2014 ta yi tanadi a kan haka a sashe na 9. Idan ma'aikaci ya ɓata, aka shekara guda daga ranar da aka ayyana ɓatansa ba a same shi ba, PenCom na kafa kwamitin bincike. In kwamitin ya gamsu cewa bisa bayanan da ke akwai ya dace a ɗauka ya rasu, sai a bi da haƙƙoƙinsa tamkar na mamaci. Matakin farko shi ne rahoton 'yan sanda da sanar da ma'aikatarsa a rubuce, domin lissafin shekarar daga ranar ayyana ɓata yake farawa.

Idan aiki ne sanadin rasuwa

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta kafa wani asusu dabam da hukumar NSITF ke riƙe da shi, wanda masu ɗaukar ma'aikata ke zuba wa kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya. Ta shafi wanda ya rasu sanadin haɗari ko cuta ta dalilin aiki, har da haɗarin da ya auku a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Ba ta shafi sojoji ba.

Diyyar wata-wata ake biya. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye, wadda ta dogara kacokan da mamacin, tana da kashi 90 cikin ɗari na albashinsa na wata. Mai ɗa ɗaya kashi 85. Wadda ba ta da ɗa kuma ta kai shekara 50 kashi 60. Haka hukuncin yake ga mijin da matarsa ma'aikaciya ta rasu. Kason yara yana ci gaba har su kai shekara 21 ko su kammala digirin farko, duk wanda ya riga zuwa.

Sai dai akwai wa'adi. Ana son a sanar da ma'aikata cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙata cikin shekara guda daga ranar rasuwa, ko da yake ana iya sassautawa zuwa shekara uku idan akwai uzuri na musamman. Matar da ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ta jira sai ta fita sannan ta fara tambaya, ta riga ta cinye fiye da kashi ɗaya bisa uku na wa'adin. Ya kamata wani amintacce daga dangi ya fara bin takardun tun makon farko.

'Yan fansho, ma'aikatan jiha da jami'an tsaro

Wanda ya riga ya yi ritaya a sabon tsari, abin da iyalansa za su samu ya danganta da zaɓin da ya yi. Idan kamfanin fansho ne ke biyansa kaɗan-kaɗan daga asusunsa, ragowar ta magada ce. Idan kuwa ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora don a biya shi har ƙarshen rayuwa, an lamunce shekara goma ne: in ya rasu a cikinsu a biya iyalansa na sauran lokacin, in ya wuce su babu abin da ya rage. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka yi ritaya kafin ƙarshen Yunin 2007 suna ƙarƙashin hukumar PTAD ne, can iyalansu za su nufa.

Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, har da malaman firamare, dokokin jiha ne ke tafiyar da haƙƙinsu, kuma neman yana farawa daga ma'aikatar da mamacin ya yi aiki kafin fayil ya isa hukumar fansho a Yola. Sojoji suna da Hukumar Fanshon Soji ta kansu, iyali kuma kan fara ne daga rundunar da mamacin yake.

Wanda ba ya karɓar albashi

Dillalin shanu a kara, mai sayar da hatsi, ɗan acaɓa, manomin da ke noma don ci: iyalan waɗannan ba su da wani haƙƙi tabbatacce da za su nema a wurin gwamnati, kuma wannan shi ne babban giɓin tsarin, domin su ne suka fi yawa. Idan rasuwar ta zo ta sanadin ambaliya, gobara ko hari, hukumar NEMA da takwararta ta jiha kan kai kayan agaji, haka ma Hukumar Raya Arewa maso Gabas da aka kafa da dokar 2017. Amma agaji ne da ake bayarwa gwargwadon hali, ba abin da iyali za su iya kai ƙara a kansa ba.

Ƙofa ɗaya da aka buɗe musu ita ce tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, wanda aka ƙaddamar a watan Maris na 2019. Mutum na zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata, a kamfanin fansho mai lasisi, kuma idan ya rasu abin da ya tara na magadansa ne. Su ma za a nemi shaidar rasuwa da takardar kotu kafin a biya su, kamar yadda ake nema daga iyalan ma'aikacin gwamnati.