Microsoft: Yadda Mai Rumfa Ya Zama Mai Kasuwa

A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta Amurka ta fito da hoton wani akwatin ƙarfe a bangonta, ta ce ga kwamfutar da mutum zai iya saya ya kai gida. Sunanta Altair 8800, kuma wani ƙaramin kamfani mai suna MITS ne ya ƙera ta a garin Albuquerque na jihar New Mexico. Ba ta da allo, ba ta da madannai, sai ƴan makunnai a jere da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa. Wanda ya saya, guntu-guntu ake aiko masa da ita ya harhaɗa da kansa. In ya gama kuma sai ya tarar ba ta da wani abin kirki da za ta yi masa, domin babu harshe mai sauƙi da zai ba ta umarni da shi. Wannan giɓi ne wasu samari biyu ƴan birnin Seattle suka hango, wato Paul Allen da Bill Gates.

Tun suna makarantar Lakeside suka saba, inda suka koyi rubuta manhaja. A lokacin da mujallar ta fito Gates ɗalibi ne a Jami'ar Harvard, yana da shekara 19, Allen kuwa ma'aikaci ne a kamfanin Honeywell. Suka sanar da Ed Roberts, mai kamfanin MITS, cewa suna da harshen BASIC da zai yi aiki a kan Altair. A gaskiya ba su rubuta komai ba tukuna, ba su ma taɓa ganin na'urar da idonsu ba. Allen ne ya shirya wata manhaja da ta sa babbar kwamfutar Harvard ta riƙa kwaikwayon Altair, a kanta suka yi aikin cikin ƴan makonni, tare da wani ɗalibi, Monte Davidoff. Allen ya ɗauki sakamakon a kan zaren takarda mai huji-huji ya hau jirgi zuwa Albuquerque, aka zura a na'urar, ta kuwa yi aiki. A watan Afrilun 1975 suka kafa kamfaninsu. Sunan haɗin guntayen kalmomi biyu ne na Ingilishi, ɗaya mai nufin ƙaramar kwamfuta, ɗaya mai nufin manhaja.

A wancan zamani ba kasafai ake ɗaukar manhaja a matsayin haja mai zaman kanta ba. Ƙarfe ake saya, manhaja ta biyo baya kamar gyara a bakin mudu. Masu sha'awar kwamfuta sukan taru su yi musayar abin da suka rubuta kyauta, kuma BASIC ɗin su Gates ya shiga hannu kafin ma a fara sayar da shi sosai. A farkon 1976 Gates ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, ya ce ko kashi 10 cikin 100 na masu Altair ba su biya kuɗin manhajar ba, ya kuma kira abin da sauran suke yi sata. Mutane da yawa sun ji haushi. To amma a wannan wasiƙa tushen kamfanin yake: manhaja dukiya ce, mai ita ba ya sayar da ita ɗungurungum, izinin amfani kawai yake bayarwa, asalin kuma ya zauna a hannunsa. Duk abin da ya biyo baya a tarihin Microsoft, nasara da shari'a, daga nan ya tsiro.

A 1979 kamfanin ya koma Bellevue kusa da Seattle. Shekara guda bayan haka IBM ya ƙwanƙwasa ƙofa. IBM shi ne giwar masana'antar, mai ƙera manyan kwamfutoci na bankuna da gwamnatoci, kuma yana gaggawar fito da ƙaramar kwamfuta domin Apple da wasu sun riga shi. Saboda gaggawa ya saɓa al'adarsa ta ƙera komai a gida: ya sayi ƙwaƙwalwar na'urar daga Intel, ya fita neman manhaja a waje. Abin da ya fi bukata shi ne babbar manhaja, wadda ke tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji, ita ke karɓar umarni, ta adana fayil, ta raba aiki. Microsoft bai da irinta. Wadda ta yi fice a lokacin ita ce CP/M ta kamfanin Digital Research na Gary Kildall, kuma Gates da kansa ya tura mutanen IBM can. Ba su daidaita ba, suka dawo.

Nan ne Microsoft ya yi cinikin da ya sauya komai. Akwai wani kamfani a Seattle, Seattle Computer Products, inda Tim Paterson ya rubuta wata babbar manhaja mai kama da CP/M. Microsoft ya fara karɓar lasisinta, daga baya a Yulin 1981 ya saye ta gaba ɗaya kan dala 50,000, ya gyara ta, ya miƙa wa IBM. Abin lura yana cikin yarjejeniyar: IBM bai sayi manhajar ba, lasisi ya karɓa, kuma bai hana Microsoft bai wa wasu irin wannan lasisi ba. Ga alama manyan IBM sun ɗauka ribar tana cikin ƙarfe, wanda suke ganin nasu ne. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Kwamfutar IBM ta fito a watan Agustan 1981, ana sayar da DOS kan dala 40, CP/M kuwa da ta iso daga baya dala 240. Ba a daɗe ba kamfanoni irin su Compaq suka gano yadda za su ƙera kwamfuta mai aiki daidai da ta IBM ba tare da sun karya doka ba. Dukansu suna bukatar babbar manhaja iri ɗaya, kuma ƙofa ɗaya ce ake samunta. Masu ƙera ƙarfe suka shiga gasar rage farashi suna cin junansu, Microsoft kuwa yana karɓar kuɗinsa a kan kowace na'ura, ko wa ya ƙera ta. Ya tashi daga mai rumfa guda a kasuwa ya zama mai filin kasuwar, wanda kowane ɗan kasuwa ke biya kafin ya baza kaya.

Allen bai ga yawancin wannan daga ciki ba. Ya bar aiki a 1983 bayan an gano yana da wani nau'in cutar daji, ko da yake ya riƙe hannun jarinsa, ya kuma rayu har 2018. A 1986 kamfanin ya koma Redmond, inda hedikwatarsa take har yau, kuma a watan Maris na shekarar ya shiga kasuwar hannayen jari kan dala 21 kowane hannu.

Mai bin wannan tarihi zai lura cewa Microsoft ba kasafai yake zama na farko ba. Tsarin sarrafa kwamfuta da hotuna da linzami, a maimakon buga umarni da haruffa, a cibiyar binciken Xerox aka raine shi, Apple kuma ya kai shi kasuwa da Macintosh a 1984. Windows ta farko da ta fito a 1985 ba ta burge kowa ba. Sai a Windows 3.0, a 1990, abin ya kama. Apple ya kai ƙara cewa an kwaikwaye shi, ya sha kaye. Haka Word ta tarar da WordPerfect a gaba, Excel ta tarar da Lotus 1-2-3. Dabarar ita ce naci da haɗa kaya: aka dunƙule su a Office, aka sayar da arha fiye da sayen ɗaiɗai, kuma a kan Windows da kamfanin ya fi kowa sanin cikinta. Windows 95 ta fito ranar 24 ga Agustan 1995, aka sayar da kwafi miliyan 7 cikin makonni biyar.

Wannan mamaya ta shafi mai rubuta Hausa ta wata fuska da ba a cika ambata ba. Jerin haruffan da DOS da Windows na farko suka zo da su an tsara shi ne domin Ingilishi da harsunan yammacin Turai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ. Shekaru da dama masu buga rubutu sun yi ta dabara, wasu su sa waƙafi a gefen harafi, wasu su bar ƙugiyar gaba ɗaya, har kofa da ƙofa su zama ɗaya a takarda. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa masu ƙugiya, cikinsu har da Rabi'at, wanda ya taimaki maɗaba'u ƙwarai, sai dai in aka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da salon, haruffan kan rikiɗe. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, shi ya magance matsalar sannu a hankali. Daga baya an sami Windows mai fuskar Hausa, kuma a 2023 manhajar fassara ta kamfanin ta ƙara Hausa cikin harsunanta. Darasin ga ɗalibi a fili yake: shawarar da aka yanke a Redmond ta yi tasiri a kan ƙa'idar rubutu a Damagaram da Kano da Zangon Kumasi.

Mai filin kasuwa kan ji tsoron a buɗe wata kasuwar a gefe. Intanet ce ta zama wannan barazana. Kamfanin Netscape ya fito da manhajar shiga intanet wadda ke aiki a kan kowace irin kwamfuta, kuma in mutane suka koma yin ayyukansu a cikinta, Windows za ta rage daraja. Microsoft ya mayar da martani da Internet Explorer, ya raba ta kyauta, ya ɗinke ta cikin Windows, ya kuma matsa wa masu ƙera kwamfuta lamba kada su cire ta. A watan Mayun 1998 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka maka shi a kotu kan babakere. Alƙali Thomas Penfield Jackson ya same shi da laifi, kuma a Yunin 2000 ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, ta kuma zargi alƙalin da yin hira da ƴan jarida alhali shari'a na gudana, amma ta tabbatar cewa kamfanin ya kare babakerensa ta hanyar da doka ta hana. Aka ƙare da sulhu. Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro miliyan 497 a 2004. Netscape dai ya riga ya durƙushe kafin hukunci ya iso, abin da ke nuna yadda kotu ke tafiyar hawainiya a fagen da ke sauyawa kowace shekara.

A Janairun 2000 Gates ya miƙa shugabanci ga Steve Ballmer, abokinsa tun Harvard, wanda ya shiga kamfanin a 1980. Shi kuma sannu a hankali ya karkata ga gidauniyarsa, har ta kai a ƙasar Hausa mutane da yawa sun fi sanin sunansa ta wajen rigakafin shan inna fiye da ta wajen kwamfuta. Ana yawan kiran zamanin Ballmer shekarun asara, amma hukuncin ya yi tsauri: kuɗin shiga ya tashi daga kimanin dala biliyan 23 zuwa kusan biliyan 78, an fito da Xbox a 2001, an kuma aza harsashin Azure. Abin da ya kuɓuce shi ne wayar hannu. Apple ya fito da iPhone a 2007, Google kuma ya bai wa masu ƙera waya Android kyauta, wato ya yi wa Microsoft irin abin da Microsoft ya yi wa IBM, har da ƙari, domin ko kuɗin lasisi bai nema ba. Sayen sashen wayoyin Nokia kan sama da dala biliyan 7 bai ceto komai ba, a 2015 kamfanin ya amsa cewa kusan duka kuɗin sun salwanta.

Satya Nadella, haifaffen Hyderabad a Indiya, ya karɓi ragama a Fabrairun 2014. Ba a yi wata biyu ba aka saki Office a kan iPad, na'urar abokin gaba. Kamfanin da shugabansa ya taɓa kwatanta Linux da cutar daji ya rungumi Linux, ya kuma sayi GitHub, matattarar masu rubuta manhaja ta kyauta, kan dala biliyan 7.5 a 2018. Kafin nan ya sayi LinkedIn kan biliyan 26.2. Wasu sun fassara wannan da tuba, amma lissafi ne ya sauya. Kasuwar ta tashi daga kwamfutar kan tebur ta koma manyan rumbunan kwamfutoci da ake haya ta intanet, kuma mai bayar da haya bai damu da irin manhajar da ɗan haya ke so ba, muddin yana biya. Office kansa ya koma biyan wata-wata ko shekara-shekara. A 2019 darajar kamfanin ta haura dala tiriliyan 1, ya buɗe rumbunansa na farko a Afirka a Johannesburg da Cape Town, ya kuma zuba dala biliyan 1 a OpenAI, masu aikin ƙirƙirarriyar basira. A Janairun 2024 darajar ta kai tiriliyan 3.

Tsohon ikon mai fili kuwa bai gushe ba. Windows 11, da ta fito a 2021, ta gindaya sharuɗɗan na'ura da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba, kuma ranar 14 ga Oktoban 2025 ce kamfanin ya sa domin daina kula da Windows 10 kyauta. A makarantu da shagunan buga takardu na Afirka ta Yamma, inda kwamfutoci da yawa na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, wannan rana na nufin na'ura mai lafiya za ta ci gaba da aiki ba tare da kariyar da aka saba aiko mata ba, sai mai ita ya biya ƙarin kuɗi na ɗan lokaci, ko ya sayi wata, ko ya koma Linux.