Labarin Haraji da Baitulmali a Ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum

A zamanin da, talakan Zamfara ba ya biyan sarki da tsabar kuɗi sai kaɗan. Zakkar hatsi da dami ake fid da ita, Filani su ba da jangali da dabba, sauran kuwa da wuri. Sarkin Zamfara na Anka, da Sarkin Mafara na Gummi, da Sarkin Danko na Bukkuyum, kowa ya tara nasa, ya aika da gaisuwa Sakkwato.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, Gwamna Lugga bai yarda a bar al'amarin a warwatse ba. Dokarsa ta 1906 ta tattara kuɗaɗen nan iri iri, aka mai da su haraji ɗaya, ban da jangali. Sarakunan nan uku suka zama hakimai a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Sa'an nan aka kafa Baitulmali, wadda Pama ya fara gwadawa a Katsina, ta bazu a sauran lardunan cikin 1911. Aka raba haraji biyu, rabi na Gwamnati, rabi na En'e, aka yanka wa hakimi da alkali da malamai albashi.

To, a nan ne wuyar take. Haraji sai da sule za a biya, sule kuwa ba ya tsirowa a gona. Tilas manomi ya shuka abin da kanti ke saye, watau auduga da gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, sa'an nan ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, mutanen gabas suka sami kasuwa a ƙofar gida. Na Gummi fa, sai jaki da raƙumi, kwana da kwanaki, ladan ɗauka ya cinye riba. Kuma ba a jima ba ciniki ya faɗi a duniya duka, kuɗin gyaɗa ya karye, takardar haraji tana nan tana jira. Samari da yawa suka riƙa fita cin rani, su komo da abin biya.

Aikin karɓa ma ba wasa ba ne. Ko Sardauna Ahmadu, da ke duba gundumomin gabas daga Gusau, an tuhume shi kan kuɗin jangali cikin 1943, sai da ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi.

Bayan Ingila ta saki ma'aunin zinariya cikin 1931, zinariya ta yi tsada, masu haƙa suka dunguma ƙasar Anka da Bukkuyum. Lebura ya sami kuɗin harajinsa a bakin rami. Amma doka ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnati ne, ba na En'e ba, rabin ladan ma'adinai kuwa Kamfanin Neja ke ɗauka, bisa sharaɗin da aka yi da shi sa'ad da Gwamnati ta karɓi mulkin ƙasar daga hannunsa cikin 1900.