Ikon Amintattu a Cibiyoyin Ƙirƙirarriyar Basira Masu Neman Kuɗin Shiga: Nazarin Rikicin OpenAI

Tsakure

Maƙalar ta nazarci rikicin shugabancin OpenAI na Nuwamban 2023, domin gano abin da ke karya ƙarfin amintattu idan ƙungiyar da ba ta neman riba ta shiga kasuwa, da tanadin da ya kamaci masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna.

Gabatarwa

Ra'ayin da ya fi yawo shi ne, da zarar irin wannan cibiya ta fara ciniki, amana ta tafi. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Fiƙihun waƙafi ya daɗe da yarda a ba da hayar kanti ko a noma gona a sayar da amfanin, muddin ba a sayar da asalin dukiyar ba, ba a gaje ta ba, ba a kyautar da ita ba. Sashe na 26 na dokar kamfanoni ta Najeriya (CAMA) ta 2020 ma abin da ya jaddada shi ne kada a raba wa mambobi abin da aka samu. Tambayar da ta rage ita ce, wa ke riƙe da asalin dukiyar?

Hanyar bincike

An bi sanarwar kamfanin da rahotannin jaridu daga 2015 zuwa 2025, aka auna su da ƙa'idar waƙafi.

Sakamako

An kafa OpenAI a Amurka a Disambar 2015 a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. A 2019 ta buɗe reshen kasuwanci mai ƙayyadadden riba, Microsoft ya zuba dala biliyan 1. A takarda, a lokacin rikicin, akalar reshen tana hannun kwamitin amintattu mai mutum 6. Ranar 17 ga Nuwamban 2023, huɗu daga cikinsu suka sallami shugaban kamfanin, Sam Altman, bisa cewa ba ya fayyace musu gaskiya a kowane lokaci. Doka ta ba su wannan iko, amma bai kai mako guda yana aiki ba. Microsoft ya ce zai ɗauki Altman, ma'aikata fiye da 700 cikin kusan 770 suka sa hannu a wasiƙar barazanar bin sa, har da Ilya Sutskever, wanda da shi aka yi sallamar. Altman ya koma kujerarsa, akasarin amintattun suka sauka. A nan kwatancen waƙafi ya tsaya. Gonar waƙafi ba ta da ƙafa. Ko an tsige mai kula da ita, gobe tana nan inda take. Dukiyar wannan cibiya kuwa ƙwaƙwalen ma'aikata ne masu hannun jari a reshen kasuwancin, da manyan kwamfutocin da wani kamfani ya mallaka. Amintattun sun riƙe igiya, raƙumin na wani ne.

Za a iya cewa rashin dabarar amintattun ne ya kayar da su, tunda ba su yi wa kowa cikakken bayani ba. Gaskiya ne sun yi sakaci, sai dai ko da sun iya magana, ba su da injin kansu da za su ci gaba da aiki. Sauyin tsarin kamfanin na Oktoban 2025, wanda ya bar uwar cibiyar da kusan kashi 26 cikin ɗari na kamfanin, Microsoft kuma da kusan 27, ya sa a rubuce abin da ya riga ya tabbata a aikace.

Iyakar bincike

Misali ɗaya ne, na wata ƙasa mai doka daban, kuma kuɗin da ke yawo a harabar jami'ar ta Gidan Kwano bai kama ƙafar na San Faransisko, mazaunin OpenAI, ba. Hakan bai taɓa hujjar ba, domin ƙaramar cibiya ta fi saurin dogara da mai ba ta injin aiki.

Shawara

Kafin wata cibiya a harabar jami'ar ta Bosso ko ta Gidan Kwano ta buɗe reshen kasuwanci, a rubuta cewa bayanan Hausa, Nufanci da Gwaranci da ta tattara mallakar uwar cibiya ne, reshe aro yake yi. Kada amintacce ya riƙe hannun jari a reshen, kuma kada a jingina aikin kwamfuta ga kamfani ɗaya.